Tambayi likita: shaƙuwa, cibiya da maganar cire beli

Tambaya: Likita jaririna kwanansa 5, da ya sha nono sai shaƙuwa, in ba shi ruwa?

Amsa: A'a maijego, ba ciwo ba ne. In ya gama sha ki saɓa shi a kafaɗa ki ɗan shafa bayansa har ya yi gyatsa. Nono zalla har wata 6, ko da zafin Maris ne.

Tambaya: Me zan shafa cibiya ta faɗi da wuri?

Amsa: Da kanta take faɗuwa cikin sati 1 zuwa 2. Ki wanke hannu ki shafa chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, shi kenan. Banda toka, banda man goge baki, banda gashi da tsumma mai zafi. In ta yi ja ko tana wari ko ruwa, asibiti a ranar.

Tambaya: Mahaifiyata ta dage sai wanzami ya cire wa 'yarmu beli kafin suna, wai in an bar shi zai kumbura ya hana ta shan nono. Ina jin nauyin yi mata musu.

Amsa: Malam don girman Allah kar ka yarda. Beli halitta ce, kowa da shi aka haife shi, yana taimakawa wajen haɗiya kada abinci ya bi ta hanci, ba ya toshe maƙogwaron kowa. Jinin jikin jariri mai kilo 3 gaba ɗaya kamar rabin ledar fiya wata ne kawai, kuma a kwanakin farko jininsa ba ya saurin daskarewa saboda ƙarancin bitamin K, to ka ga ɗan yankan da ake rainawa sai ya yi ta tsiyaya a ciki yarinya tana haɗiyewa ba wanda ya lura. Na sha karɓar irinsu cikin dare, an naɗo su a zani, leɓe ya yi fari fat, kuka ma ba ƙarfi, sai mun shiga neman jini. Wallahi abin yana ƙona min rai, yaro lafiyayye da hannunmu mu jawo masa wannan!

Ga kuma askar, an yanka yara nawa da ita? Ta nan ake ɗaukar ciwon hanta da tetanus, bayan 'yan kwanaki ka ga jariri ya kasa kama nono, baki ya ƙulle, jiki ya sandare.

Na san Hajiya ƙaunar jikarta ce ta sa, haka ita ma aka yi mata. Ka lallaɓa ta, ku zo tare ranar riga-kafi a yi wa yarinya allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon foliyo da allurar ciwon hanta in ba a yi ba, mu yi mata bayani da bakinmu. Wanzami ya yi askinsa da sabuwar reza, ka ba shi haƙƙinsa, amma kar ya taɓa bakinta.

In har ta ƙi nono, ko jiki ya yi zafi ko sanyi, ko numfashi sama-sama, ko ido ya yi rawaya, to ba beli ba ne, ku taho asibiti ko ƙarfe 2 na dare ne, kar a jira gari ya waye.