Koyar da Turanci a Japan: Ina Zan Yi Sujada?

Tambaya: Na samu aikin koyar da Turanci a Japan. Ni Kirista ce. Zan samu coci kuwa, kuma an yarda in yi zancen bangaskiyata a aji?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki nemi coci, fara duba takardar kwantiraginki. Makarantun gwamnati ba sa buɗewa ran Lahadi, amma makarantun kuɗi na koyar da hirar Turanci sun fi cika ranakun Asabar da Lahadi, domin lokacin ne ɗalibai ke samun sarari. Hutun malami sai ya koma tsakiyar mako. Nan mutane da yawa ke cizon yatsa. Ki sa a rubuta miki ranakun hutunki tun kafin ki sa hannu, alkawarin baka ba ya wadatarwa. Ranar Kirsimeti ma ranar aiki ce a can.

Kiristoci kusan kashi 1 cikin 100 ne na jama'ar ƙasar. A Tokyo da Osaka akwai majami'u masu sujada da Turanci. A ƙaramin gari kuwa, wataƙila ki tarar da mutum goma sha kaɗan, galibi dattawa, takalma a jere bakin ƙofa, wa'azi da Japananci zalla. Ki riƙe Littafi Mai Tsarki mai harsuna biyu, ki riƙa bin karatun aya aya.

Batun aji kuwa, sashe na 20 na tsarin mulkin ƙasar ya hana hukuma koyar da addini, saboda haka ba wa'azi a makarantar gwamnati. In ɗalibi ya tambayi addininki, ki amsa a taƙaice ki koma darasi.