Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Zubar Fitsari Ba da Niyya Ba

Tambaya: Likita, shekarata 41, haihuwata shida. Idan na yi tari, ko atishawa, ko na ɗaga bokitin ruwa, sai in ji fitsari ya ɗigo mini, har alwalata ba ta daɗewa. Shin yoyon fitsari ne?

Amsa: Hajiya, abin da kika bayyana ya fi kama da raunin tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda suke riƙe mafitsara da mahaifa. Yawan haihuwa, ƙiba, tari mai daɗewa da bayan gida mai tauri suna sassauta su, shi ya sa duk lokacin da ciki ya matsu sai fitsari ya kuɓuce. Yoyon fitsari daban yake, domin shi ba ya jiran tari. Maganin farko motsa tsokokin ne: ki matse wurin kamar mai riƙe tusa, ki ƙidaya zuwa biyar, ki saki, ki maimaita sau takwas zuwa goma, sau uku a rana, har tsawon wata uku aƙalla. Kada ki yi wannan a lokacin da kike fitsari. Mata da yawa suna rage shan ruwa don gudun jiƙa zane, kuma a ganina wannan ne kuskuren da ya fi yawa, saboda fitsari mai kauri yana ƙara tsokanar mafitsara. Abin da ya kamata ki rage shi ne shayi, kofi da goro. Idan wata uku suka wuce babu sauƙi, ko kika ji kamar wani abu yana leƙowa ta gaba, ki je wurin likitan mata.

Tambaya: Ni dattijo ne mai shekara 66. Ina tashi sau huɗu da dare, fitsarin ba ya fita da ƙarfi, kuma bayan na gama yana ci gaba da ɗiga a wando.

Amsa: Baba, a irin shekarunka abin da ya fi jawo haka shi ne girman furostet, wata 'yar halitta da ta kewaye hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsarar namiji. Idan ta girma sai ta matse hanyar, mafitsara ta kasa zubar da duk abin da ke cikinta, ragowar kuma ta riƙa tsiyaya. Galibi ba kansa ba ce, amma sai an duba za a tabbatar. Ka nemi a gwada fitsari da sukari, a yi hoton mara, domin ciwon sukari ma yana sa yawan fitsari. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, musamman na hawan jini, wasunsu suna ƙara fitsari. Ranar da fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, mara ta kumbura tana ciwo, kada ka jira gari ya waye, a kai ka asibiti a sa maka roba. Haka nan ganin jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne kuma babu zafi, dalili ne na ganin likita cikin gaggawa.

Tambaya: Ɗana yana da shekara huɗu, har yanzu yana fitsarin kwance.

Amsa: Malama, kafin shekara biyar ba a ɗaukar wannan a matsayin ciwo, kuma duka ko gori ba sa hana shi. Ki kai shi asibiti idan ya daina na watanni sannan ya dawo, ko yana kukan zafin fitsari, ko yana yawan ƙishirwa tare da ramewa.

Tambaya: Ƙanwata ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a kai ta asibiti, jaririn bai zo da rai ba. Mako biyu ke nan fitsari yana zubo mata dare da rana.

Amsa: Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ta lafiya. Wannan alama ce ta yoyon fitsari. Idan kan jariri ya daɗe a maƙale, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki sai rami ya buɗe. Ba sihiri ba ne, ba kuma laifinta ba ne. Ku kai ta yanzu, domin a makonnin farko robar fitsari da aka bari a jiki na wasu makonni tana iya rufe ƙaramin rami ba tare da tiyata ba, kuma wannan dama tana raguwa da jinkiri. Idan ramin bai rufe ba, tiyata tana warkar da mafi yawan mata. Akwai cibiyoyin wannan aiki a Babbar Ruga da ke Katsina, da Ningi a Bauchi, da Asibitin Murtala a Kano, da Jahun a Jigawa, da Danja kusa da Maraɗi a Nijar. Kafin ku isa, ta riƙa shan ruwa sosai, tana wanke wurin tana shafa man Vaseline don kada fata ta yi gyambo. Ku gaya wa likita idan tana jan ƙafa wajen tafiya, ko bayan gida ma yana fitowa ta gaba, kuma duk cikin da za ta ɗauka nan gaba a asibiti za ta haihu, ta hanyar tiyata.