Riƙon kulob ɗin ƙwallon unguwa

Malam, ka tambayi yadda za ku riƙe kulob ɗinku a Maradi ba rigima. Ku rubuta burin shekara 3: yara nawa, wane rukuni, wane fili. Sai kasafin kaka guda: riguna, ƙwallaye, magani, kuɗin mota zuwa Tasawa ko Madarumfa.

Wajen kuɗi ake ɓatawa. Kada shugaba ya riƙe asusu. A naɗa ma'aji daban, mutum biyu su sa hannu kafin ko jaka ɗaya ta fita, a karanta lissafi gaban kowa duk wata. Rage wa yaro shekaru don samun lasisin FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, kuwa, ku bar shi. Abokan karawa na kai ƙara, ana iya ƙwace muku maki, a dakatar da yaron.