Amsa ga ɗalibin da ya ce farin dutse duk ɗaya ne

Ɗana, jiya a bakin ramin haƙar dutse ka ce mini: "Malam, dutsen farar ƙasa ai fari ne kawai, a fasa a kai injin niƙa. Me ya sa jami'a ke cinye mana zangon karatu guda a kansa?" Ƙarar tifa ta hana ni amsa maka, to ga amsar.

Dutsen yashi baƙo ne. Ruwa ko iska ne ya kwaso yashin daga wani tsauni mai nisa ya zube, ya daskare, don haka mai nazarinsa labarin tafiya yake bi. Shi kuwa dutsen farar ƙasa yawanci ɗan gida ne. Inda ka same shi nan ya samu, ko kusa da nan, daga ƙumba da katantanwa da ƙananan halittun ruwa da suka mutu ɓawonsu ya taru. Shi ya sa malamanku suke tilasta muku sanin halittun teku, kuna ta guna-guni wai ba abin da kuka zo karantawa ba ne.

Dubi wanda muke takawa nan Kalambaina. Sama da shekara miliyan 55 da suka wuce, teku marar zurfi mai ɗumi ne ya ratso Sahara ya kwanta a wannan yankin. Shi ya bar dutsen da ake toya siminti da shi a Sakkwato, shi ya bar na Malbaza a Nijar. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar laka ta Dange, inda ake samun jifsam, ma'adinin da ake yin fulasta da shi. Na Ashaka a Gombe ya girme shi nesa ba kusa ba, a cikinsa ake tsintar ɓawon nan mai naɗi kamar ƙahon rago, na halittar da ta ƙare tun kafin tekun Kalambaina ya zo. A ido duk kama suke yi, alhali ba sa'o'in juna ba ne.

Sa guduma ka fasa, don bayan dutse rana da ruwan sama sun ɓata shi, ba ya faɗin gaskiya. Ka jiƙa sabon wurin, ko da yawu ne, ka kawo madubin hannu mai ninki 10 dab da idonka. Abu ɗaya nake so ka fara nema: ƙwayoyin suna taɓa juna, ko suna yawo cikin laka kamar gyaɗa a kunu? Idan laka ce ta riƙe su, ruwan a kwance yake lokacin da suka taru. Idan ba laka sam, ƙwaya na kan ƙwaya, to igiyar ruwa ce ta wanke wurin. A kan wannan masanin duwatsu Dunham ya gina rabe-rabensa na dutsen farar ƙasa a 1962, waɗanda kuke haddacewa ana gobe jarrabawa. Haddar ba laifi ba ce, amma na ga masu digiri da yawa da za su jero maka sunayen nan tas, ka miƙa musu dutse su yi tsuru-tsuru.

Sai asid, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. Ɗigo ɗaya a kan kalsait, wato ainihin ma'adinin dutsen farar ƙasa, nan take kumfa ta tashi, har kana jin "shuu" idan ka kara kunne. Dolomait kuwa, ɗan'uwan kalsait da ke kama da shi a ido, shiru zai yi maka. Ina sabon shiga a wani wurin aiki na ɗiga asid a kan wata shimfiɗa, ban ga kumfa ba, na rubuta cewa ba dangin farar ƙasa ba ce. Maigidana bai ce uffan ba. Ya zaro wuƙa ya kankare dutsen ya zama gari, ya ce in sake ɗigawa. Sai ga kumfa tana tasowa a hankali. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Ba ƙaramin kuskure ba ne a sana'armu. Dolomait na ɗauke da wani sinadari da ake kira magnesiya, idan ta yi yawa a abin da aka zuba wa tanda mai zafin digiri 1450, simintin kan kumbura bayan an yi gini, bango ya tsage. Magini za a zaga, alhali laifin tun daga rami ne.

Sauran aikin na ɗakin gwaji ne. Za a yanka dutse a goge har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske na ratsa shi, a shafa jan rini da ke kama kalsait ya bar dolomait. Nan za ka ga ƙananan kofofin da ruwa ko mai ke zama a ciki. Filin man Ghawar na Saudiyya, wanda ya fi kowane girma a doron ƙasa, cikin irin waɗannan kofofin man yake.

Gobe bayan asuba ka zo da guduma da awo da littafinka. Bangon gabas za mu bi daga ƙasa zuwa sama, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowane samfuri ka sa masa kibiya mai nuna samansa kafin ka ciro shi. Kuma ka bar silifas ɗin nan a gida.