Tambaya da amsa: Talabijin mai inci 65, me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina so in sa babbar talabijin mai intanet a falona. Na zagaya shagunan kayan wuta a cikin gari, na ga guda biyu, duk inci 65, duk an rubuta 4K a kwali, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar. Mai shago ya ce suna kawai zan saya. Gaskiya ne? Kuma maƙwabcina ya sayi irinta, amma idan ana ƙwallo dishi-dishi muke gani. Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, bari in fara da ta maƙwabcinka, don ita ce ta fi cin mutane. 4K na nufin allon yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ɗigo miliyan 8 da ɗoriya. Amma talabijin ba ta ƙirƙiro hoto, abin da aka ba ta shi take nunawa. Tashoshi da yawa da muke kamawa ta dish har yanzu a tsohon ma'auni suke, layi 576 kacal, waɗanda suka inganta kuma ba su wuce 1080 ba. Ka ɗauki wannan ɗan hoton ka baje shi a allo mai faɗin santimita 144, kamar a tsinka kokon mutum ɗaya ne a raba wa mutum goma. Talabijin ɗin ba ta lalace ba. Ya fara duba wayar da ta haɗa ta da dikoda: idan mai kai uku ce, ja da fari da rawaya, ya cire ta ya sa wayar HDMI mai kai ɗaya, sannan ya shiga saitin dikodar ya ɗaga zuwa 1080. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

Shi kuwa mai shago rabin gaskiya ya faɗa maka. Yawan ɗigon ɗaya ne, abin da ke bayan gilashin ne ya bambanta. Mai tsadar tana da ƙwaƙwalwar da ta iya gyara ƙaramin hoto ya cika allo ba tare da ya dagule ba, kuma a wurinmu wannan ya fi 4K ɗin kanta amfani. Sai haske, wanda ake aunawa da nit. Masu araha yawanci suna tsakanin 250 da 300, ga su kuma da tambarin HDR a kwali, wato tsarin hoto mai ƙara fito da bambancin haske da duhu. Tambarin yana nufin za ta karɓi hoton HDR ne kawai, ba wai za ta iya fito da shi ba. Kafin ka ga bambancin da ake magana sai haske ya kai wajen 600. Idan falonka na da manyan tagogi, ranar Katsina ta watan Afrilu za ta wanke hoton mai nit 250 tas, sai ka riƙa ganin fuskarka a allo.

Kada kuma hasken shago ya ruɗe ka. Ana kunna su ne a wani saiti na talla mai ƙara launi, ana haska bidiyon furanni da tsuntsaye da kamfani ya tanada. Ka je da filashinka, ka sa abin da ka saba kallo: fim ɗin Hausa, guntun wasan ƙwallo, da wani wuri mai duhu. Ka dubi fatar mutum, ko ta koma ja kamar an shafa manja. A wurin duhun ka duba ko baƙi baƙi ne ko toka-toka, da ko haske na tsiyayowa ta kusurwoyi. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Abu ɗaya da ba a faɗa: idan kujerarka ta wuce mita uku daga bango, idonka ba zai raba 4K da 1080 a inci 65 ba. Kuma 4K na gaske ta intanet yake zuwa, Netflix na iya shan gigabait 7 a awa ɗaya. Ka lissafa da kuɗin datar yanzu. Ni da zan zaɓa, gara mai inci 55 mai haske da ƙwaƙwalwa mai kyau da mai 65 wadda girman kawai gare ta.

Tambaya: Malam, gidan kallon ƙwallo nake da shi a Daura. An ce min OLED ta fi kowace kyau. In saye ta?

Amsa: Kyau kam ta fi, domin kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, idan ya kashe haskensa sai baƙi ƙirin. Amma ba don sana'arka aka yi ta ba. Tambarin tasha da akwatin da ke nuna ci suna zaune wuri ɗaya awa da awanni kullum, kuma OLED na iya riƙe inuwarsu har abada. Ka nemi LED ko QLED, wadda ita ma LED ce da aka ƙara wa wani shimfiɗi don launi ya fito.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne irin gilashin. Akwai wanda ake kira VA, akwai IPS. VA ya fi baƙi mai kyau, amma wanda ya zauna a gefe zai ga launi ya koɗe. IPS baƙinsa bai kai ba, sai dai na tsakiya da na ƙarshen benci hoto ɗaya suke gani. Kai IPS ne naka, tunda duk kuɗi ɗaya suka biya. Ba kasafai ake rubuta shi a kwali ba, don haka ka tsaya gaban allon, ka taka zuwa gefe, ka ga ko launin ya canza. Idan kuma ka ga 120 ko 240 an haɗa da wani suna na kamfani, yawanci allon 60Hz ne, wato mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, aka yi wa kwalliya. Na 120 na gaske ka same shi a takardar bayanai, kuma mai PlayStation 5 ya fi ka buƙatarsa.

Tambaya: Sola muke amfani da ita a gida. Za ta ɗauki babbar talabijin? Daga wata baiwar Allah a Katsina.

Amsa: Hajiya, za ta ɗauka idan batir na da ƙarfi. Mai inci 65 kan ci wajen wat 100 zuwa 150, kuma ainihin adadin na nan a rubuce a takardar da ke manne a bayanta. Idan kika rage hasken baya, wato fitilar da ke haska allon ta ciki, daga saiti, cin wutar zai sauka sosai. Ranar da kuma kuka mai da ita kan wutar KEDCO ko janareta, kada a jona ta kai tsaye, a sa mata na'urar kariya mai jinkirta wuta 'yan daƙiƙu bayan an kawo. Lokacin hunturu a riƙa goge ramukan iskar bayanta da busasshen ƙyalle, kuma kada a fesa ruwa a kan gilashin.