Amsa ga ɗan'uwan da ya bar giya barci ya ƙaurace masa

Wa'alaikumus salam. Wannan amsar ta ɗan'uwanmu ce da ya ce yau kwanansa 9 da barin giya bayan shekaru yana sha kusan kullum da daddare, amma tun da ya bari barci ya gagara, in ma ya samu sai mugayen mafarkai da zufa sharkaf, har zuciya ta fara raya masa ko ya ɗan kurɓi kaɗan don dai ya samu ya runtsa. Ƙanina da farko Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya, wallahi ba ƙaramin abu ka yi ba. Na karanta amsoshin da aka ba ka, wasu sun ce ka dage da addu'a, wasu sun ce aljanu ne ko sammu, wani kuma ya ce ka je kemis a haɗa maka maganin barci. Addu'a kam ba a barinta, amma sauran biyun bari in ɗan yi magana a kai don ni ma na bi ta hanyar nan.

Da can direban babbar mota ne ni, siminti muke ɗaukowa daga Ashaka mu biyo ta Bajoga mu shigo Gombe, daga nan mu miƙa Kumo, Billiri, Kaltungo har Numan zuwa Yola. A wannan zaman hanyar na saba da sha, kuma hujjar da nake ba kaina ita ce irin taka, wai in ban sha ba ba na iya barci. Toh abin da na fahimta daga baya, wanda wani likita ya zauna ya warware min shi dalla-dalla, shi ne wancan abin da muke kira barci in mun sha, ba cikakken barci ba ne. Gaskiya ne giya tana kayar da mutum da wuri, kana kwanciya ka tafi, amma ka tuna da kyau ƙarfe nawa kake farkawa? Ni dai tsakanin 2 da 3 na dare nake farkawa, maƙoshi a bushe, zuciya na bugawa, fitsari ya matse ni, daga nan sai juye-juye har a kira sallah, gari ya waye kai ya yi nauyi jiki kamar ba a kwanta ba.

Dalilin kuwa shi ne barcin ɗan'adam zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye wajen minti 90, a dare ɗaya mutum ya yi 4 zuwa 6. A cikin kowane zagaye akwai barci mara nauyi, akwai mai nauyi, akwai kuma barcin mafarki wanda likitoci ke kira REM, shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke tsara abin da ka koya da abin da ya dame ka da rana. Giya tana danne wannan barcin mafarkin a farkon dare. Ita kuma hanta tana can tana ta aikin ƙone giyar a hankali, babbar kwalba ɗaya ta 60cl sai ta ɗauke ta awa 2 zuwa 3, to da zarar giyar ta fara ƙarewa a jini sai jiki ya zabura, shi ne farkawar tsakar daren nan. Ga shi tana hana jiki fitar da sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsari da ƙishirwa. Sannan tana sakar da naman maƙogwaro, minshari ya ƙaru, mai matsalar ɗaukewar numfashi a cikin barci kuma abin ya ƙara tsananta. Uwargidata ce ta fara gaya min cewa ina minshari sai in yi shiru ɗif kamar numfashi ya tsaya sannan in ja da ƙarfi, ni ban ma san ina yi ba.

Yanzu me ya sa da ka bari abin ya fi da muni? Bari in kwatanta maka da mota tunda ita na sani. Giya birki take takawa a ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru kullum dare ana taka birkin nan, sai ƙwaƙwalwa ta koyi ƙara taka totur don kar ta tsaya gaba ɗaya. Ranar da ka ɗauke ƙafa daga birki lokaci guda totur ɗin yana nan a take, inji sai ihu yake. Wannan ihun shi ne idonka biyu har asuba, shi ne zufar, shi ne faɗuwar gaba da saurin fushi da rawar hannu. Mafarkan kuma barcin REM ɗin nan ne da aka daɗe ana dannewa ya dawo da ƙarfinsa, shi ya sa suke zuwa da yawa kuma a fili ƙarara, ka ga ana bin ka, ka ga mamata, ni har mafarki nake wai na koma sha in farka hankalina a tashe ina istigfari. Wannan mafarkin komawa shan kusan duk wanda na sani da ya bari ya yi shi, kar ka ɗauka wata alama ce ta cewa za ka koma.

Akwai wani abu da dole in faɗa ko da kai ka kusa wuce wajen, saboda na san akwai masu karantawa shiru a zauren nan da ke son su bari. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, musamman mai ƙarfin nan irin ogogoro da na leda, ko wanda sai ya sha da safe hannunsa ke daina rawa, tsayawa lokaci guda shi kaɗai a ɗaki yana da haɗari. Alamomin suna farawa awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, a cikin kwana 2 na farko wani yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, a kwana na 2 zuwa na 4 kuma akwai wani mummunan yanayi da mutum zai ruɗe, jiki ya yi zafi, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai ko mutanen da babu su, bai san inda yake ba. Wannan yana kisa in ba a kai asibiti ba. Kuma nan ne mutanenmu ke cewa aljanu sun shige shi a kulle shi a ɗaki ana hayaƙi. Ni ban hana kowa ruƙiyya ba, a yi masa karatu a cikin motar ma ana tafiya, amma a kai shi asibiti. A Gombe akwai ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na tarayya, mutanen Bauchi kuma akwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), kuma ba sai mahaukaci ke zuwa wajen ba, wannan tunanin ya cuci mutane da yawa. Kai da ka kai kwana 9 in sha Allahu ka fita daga wannan lokacin mai haɗarin, amma in har yanzu kana ganin abin da babu ko kana jin muryoyi idonka biyu, kar ka jira gobe.

Maganar kemis ita ta fi ɗaga min hankali a duk amsoshin. Don Allah kar ka je. Abin da za su miƙo maka bai wuce diazepam da yara ke kira D5 ko ɗan'uwansa da suke kira roche ba, kuma waɗannan a ƙwaƙwalwa waje ɗaya suke taɓawa da giya, za ka yi barci yau da gobe, bayan 'yan makonni ka ga ba ka iya runtsawa sai da su, kuma barinsu ba ya fin barin giya sauƙi. In kuma tsautsayi ya sa mutum ya haɗa su da giya numfashi na iya tsayawa a cikin barci. A asibiti ma suna amfani da diazepam ɗin wajen cire mutum daga giya, amma na 'yan kwanaki ne ana ragewa a hankali likita na kallo, ana haɗawa da bitamin B1 saboda masu sha yawanci ya ƙare musu a jiki kuma rashinsa na taɓa ƙwaƙwalwa. Ina da yaron mota da ya bar giya ya koma kodin lokacin ana samunta ko'ina kafin gwamnati ta hana a 2018, daga nan ya zarce tiramol, wahalar da iyayensa suka sha a kansa ta ninka ta farko.

Shi kuma "kaɗan kawai don in yi barci", wallahi ƙanina ta wannan ƙofar yawancin waɗanda muka bari tare suka koma. Ba sha'awar giyar ce ta mayar da su ba, gajiyar rashin barci ce. Likitoci ma sun san da haka, wanda rashin barcinsa ya ci gaba bayan ya bari ya fi shiga haɗarin komawa, shi ya sa bai kamata ka raina matsalar ko ka ɓoye ta ba. In ka sha yau za ka yi barcin awa 3 ko 4, sannan wahalar kwana 9 ɗin nan ka sake ta daga farko.

Abin da ya taimake ni kuwa ba wani abu mai tsada ba ne. Na farko da ya fi komai aiki shi ne lokacin tashi. Ko ƙarfe 3 barci ya ɗauke ni, asuba na tashi, kuma ba na komawa in shimfiɗe har hantsi, sai in fita in taka a ƙafa rana ta taɓa ni, hasken safiya shi ke saita agogon jiki. Da wuya sosai a farko, rana za ka ji kamar ka faɗi, in ya matsa ka yi ƙailula amma kar ta wuce minti 30 kuma kar ta kai bayan la'asar. Ka lura in tuƙi kake ko aikin inji, a makonnin nan ka yi hattara sosai, ni sai da na ajiye doguwar tafiya na ɗan lokaci.

Sai abin da mu direbobi ba ma ɗauka komai ba, shayi da Nescafe da goro da lemon ƙara kuzarin nan na roba. Wanda ya bar giya bakinsa na neman abin yi, sai ka gan shi a teburin mai shayi ƙarfe 10 na dare ana haɗa masa mai kauri, ko a majalisa ana zagaya ɗan ƙaramin kofi har sau uku, sannan ya zo yana cewa barci ya ƙi. Sinadarin kafeyin (caffeine) mai hana barci da ke cikinsu bayan awa 5 ma kusan rabinsa na nan a jini. Daga azahar ka yanke su duka har goron. Taba ma tana hana barci, in kana sha ka nisanta ta da lokacin kwanciya.

In ka kwanta ka kai kamar rabin awa barci bai zo ba kar ka zauna kana kokawa da katifa kana duba agogo, tashi ka yi alwala ka yi nafila ko ka ɗauki Alƙur'ani ko wani littafi a haske mara ƙarfi, in ka ji ido ya yi nauyi ka koma. Waya dai a'a, Facebook da TikTok sai su kai ka asuba ba ka sani ba. Azkar ɗin kwanciya, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ni sun rage min tsoron kwanciyar da mafarkan suka sa min, don akwai lokacin da dare na yi gabana ke faɗuwa. Zafin Gombe kuma ka san shi, a watan Maris da Afrilu ɗaki ba ya kwantuwa in babu wuta, ka watsa ruwa kafin ka kwanta ka fito tsakar gida da gidan sauro.

Lokacin da ya fi wuya ba ma tsakar daren ba ne, daga magariba zuwa 11 ne, lokacin da ka saba kana can wajen. Dole ka cike shi da wani abu, karatu tsakanin magariba da isha'i, zama da iyali, ƙwallo da yamma in jiki ya yarda, kuma ka canza hanyar komawa gida in tana bi ta wajen. Ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi wanda za ka iya kira ko ƙarfe nawa ne, ni wana ne ya riƙe min wannan, Allah ya saka masa.

Kana tambaya yaushe zai daidaita. Ba kowa ɗaya ba ne, ya danganta da yawan shan da daɗewarsa. Sati na farko da na biyu su suka fi zafi, yawancin mutane a cikin wata guda suna fara ganin canji, wanda ya daɗe sosai kuma yana iya ɗaukar watanni barcin na zuwa yana yankewa. Nawa a hankali ya dawo, zufar ce ta fara tafiya, sai mafarkan suka ragu, farkawar tsakar dare ita ta fi daɗewa. Abin da na fara lura da shi shi ne barcin awa 5 ba giya ya fi wartsakar da ni a kan na awa 8 da giya, ciwon kan safe ya tafi, hawan jinina ma da aka auna ya sauka, minsharin ya ragu sosai.

In ka kai wata ɗaya babu wani sauƙi ko kaɗan, ko kana jin baƙin ciki mai nauyi da tunanin gara ka mutu, ka ga likita ba tare da jinkiri ba, don wani dama damuwa ce ta kai shi ga shan tun farko kuma tana da magani. Zufar dare ma kar a ɗora wa giya komai, in da zazzaɓi a gwada maleriya, in da tari sama da sati 2 da rama a gwada tarin fuka, masu sha sun fi saurin kamuwa da shi kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. In ka je ka gaya wa likitan gaskiyar abin da kake sha da yawansa da ranar da ka sha na ƙarshe, kar kunya ta sa ka rage, da wannan lissafin zai san abin da zai ba ka, ka kuma roƙa a duba maka hanta da hawan jini tunda ka riga ka je.