Me Ya Sa Rigar Sanyi Ke Tartsatsi Da Hunturu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Da hunturu idan na cire rigar sanyi cikin duhu sai in ga tartsatsi, wani lokacin kuma in taɓa ƙofar ƙarfe wuta ta ja ni. Kakata ta ce aljanu ne. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, a gaishe da Kaka, amma a ce mata ta kwantar da hankalinta. Kowane abu, har jikinki, cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da caji da ake kira ilektron. Idan rigar nailan ta goga jikinki ko gashinki, sai wasunsu su tsallaka daga wannan zuwa wancan, su taru. Da damina damshin iska yana kwashe su a hankali, ba ki ma sani ba. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙayau, babu hanyar fita, sai lokacin da kika taɓa ƙarfe su zuba gaba ɗaya. Irin wannan zubar tasu ce ke kawo tartsatsin da kike gani da jan da kike ji. Ƙarfinsu yakan kai dubban bolt, wato ma'aunin ƙarfin lantarki, amma yawansu kaɗan ne, shi ya sa ba ya illa.

Girkawan dā sun lura da haka wajen goga wani busasshen ƙaro, kuma daga sunansa kalmar ilektron ta fito. Ki gwada da biro: goga shi a gashinki, zai ɗauki gutsattsarin takarda. Ni dai da hunturu da makulli nake fara taɓa ƙofar mota.